Yadda ake yi wa tankin mai hanyar numfashi a motar da aka ƙera da hannu

Mai ƙera mota a gareji yakan ɓata watanni a kan shasi da giya da birki. Idan aka zo kan tanki kuwa, sai a lanƙwasa farantin ƙarfe, a yi walda, a sa wuya da marfi, a ce an gama. Ranar gwaji motar ta tashi lafiya lau, ta yi tafiyar minti 20, sai ta fara shaƙewa ta mutu. A sauke kafireta a wanke, a canza famfon mai, a ɗora laifi a kan mai sayar da fetur a kwalba. Da an buɗe marfin tanki an ji yadda ya zuƙi iska, da an gane inda gizo ke saƙa: tankin ba shi da hanyar numfashi.

Abu uku ne ke faruwa a cikin tanki. Injin yana shan mai, kuma duk litar da ta fita dole litar iska ta maye gurbinta, in ba haka ba famfo ya riƙa ja ba ya samu. Na biyu, fetur yana kumbura da zafi. Kowane digiri ɗaya yana ƙara masa kusan kashi ɗaya cikin dubu, wato lita 40 da aka zuba da sanyin safiya, idan zafinta ya ƙaru da digiri 15, za ta ƙaru da abin da ya ɗan haura rabin lita. Na uku, kuma shi ya fi damun mu a nan, fetur yana tururi. Sassansa marasa nauyi sun fara tafasa tun zafi bai kai digiri 40 ba, ga shi a Maradi cikin Afrilu da Mayu zafin inuwa ma yakan wuce 40, balle tankin da ke tsakanin kwalta mai zafi da salansa.

Mutane suna raina wannan matsi don lambarsa ƙarama ce. Matsin bar 0.1 a kan bangon tanki mai santimita 80 da 40 daidai yake da nauyin kilo 320, buhu uku na gero da ɗoriya. Tankin da aka rufe ruf aka bar shi a ranar bazara yana wuce bar 0.2 cikin sauƙi. Tankin kamfani yana da lanƙwashe-lanƙwashe a bangonsa da ke riƙe shi, amma wanda aka yi a gareji yawanci akwati ne mai shafaffun bango, shi ya sa yake yin ciki kamar tulu ko ya lotse, daga nan waldar kusurwa ta fara tsatsa.

Abin da ake nema shi ne iska ta shiga, iska ta fita, amma ruwan mai kada ya bi ta, ko a kwana, ko a gangara, ko motar ta kife. Yawancin wannan aiki ba kayan da ka saya ne ke yin sa ba, hanyar da ka bi da tiyo ce.

Huda biyu ake yi, ba ɗaya ba

Iskar da ake bukata lokacin tafiya kaɗan ce. Motar da ke shan lita 10 a awa ɗaya, lita 10 na iska take nema a awar, kuma tiyo mai faɗin ciki milimita 6 zuwa 8 ya ishe ta har da saura. Lokacin shan mai lissafin daban ne. Famfon gidan mai yana iya zuba lita 30 zuwa 40 a minti ɗaya, kuma iska mai yawan haka dole ta fice a cikin mintin. Siririn tiyo ba zai iya ba, sai iskar ta biyo ta wuya ta yi karo da man da ke sauka, famfo ya riƙa katsewa, ko mai ya yi tsartuwa ya wanke wa mai zubawa hannu.

Saboda haka akwai babbar hanya, ta shan mai, mai faɗin ciki milimita 13 zuwa 16. Tana tashi daga saman tanki ta koma cikin wuya can sama, kamar santimita 3 zuwa 5 ƙasa da inda marfi ke zama. Idan an rufe marfi ita ma ta rufu, ba ta da hulɗa da waje. Sai ƙaramar hanya, ta numfashi, wadda ke buɗe dare da rana. Idan wuyan tankinka gajere ne mai faɗi, a miƙe a kan tanki kamar na babur, kana iya barin babbar. Idan wuyan ya yi tsawo ko yana da gwiwa, kada ka bar ta.

A nan ne ake barin wa mai filin kumbura. Ka ware kashi 10 cikin 100 na tankin ya zama na iska. A tanki mai siffar akwati mai zurfin santimita 25, wannan na nufin santimita 2.5 daga rufi. Yadda ake tilasta hakan: bututun wuya da ɗan bututun babbar hanya, dukansu ka zura su cikin tanki su sauko santimita 2.5 ƙasa da rufi kafin a yi walda. Da mai ya taso ya rufe bakinsu, iska ta rasa hanya mai sauri, mai ya hauro wuya, famfo ya katse, alhali akwai sauran fili a sama. Shi kuma ɗan bututun numfashi, bakinsa ya tsaya daidai da rufi, kada ya leƙa ciki ko kaɗan.

Sai dai a kula da yadda muke shan mai a nan. Wanda ke zubawa daga kwalba ko jarka da mazurari yana yi a hankali, kuma a wannan saurin ƙaramar hanya tana isa ta fitar da iskar da aka ɓoye a sama. Mai motar yana jijjiga ta yana cewa a ƙara, har filin kumburan ya cika. Da mai ya bayyana a wuya karon farko, a tsaya.

Idan ka sa shingaye a cikin tanki don hana mai kai-kawo, kowa yana tuna ya yanke kusurwoyinsu na ƙasa don mai ya wuce. Na sama ake mantawa. Ka yanke kusurwoyin sama su ma, kamar santimita 1.5 zuwa 2, don iska ta ratsa daga ɗaki zuwa ɗaki. In ba haka ba ɗakin da ba shi da huda zai riƙe iska, tanki mai lita 40 ya ƙi karɓar fiye da 30.

Kayan da za a tanada

Gajerun bututun ƙarfe guda biyu ko uku masu tsawon santimita 4 zuwa 6, da ɗan tudu a baki don tiyo ya kama. Idan ba ka samu mai tudu ba, ɗigon walda siriri kewaye da bakin, a goge shi da fayil, yana yin aikin. Ƙarfen ya zama irin na tankin, kada a haɗa baƙin ƙarfe da alminiyam.

Tiyon mai na gaske, mita 2 zuwa 3. Ka karanta rubutun jikinsa. SAE J30 R7 ya isa hanyar numfashi, R9 na injin mai injekta ne kuma ya fi riƙe wari, R10 shi ne wanda ake nutsawa cikin mai. Farin tiyo mai haske da ake sayarwa a kasuwa yana yin tauri kamar kara idan fetur da rana suka haɗu a kansa, ya tsage a bakin maɗauri. Tiyon ruwa da na lagireto kuma suna kumbura su yi laushi, cikinsu ya riƙa saɓulewa yana toshe hanya. Tururin fetur yana cin roba kamar yadda ruwansa ke ci, don haka zancen "ai iska ce kawai za ta bi" ba hujja ba ce.

Sai maɗauran tiyo na ƙarfe masu noti, daidai girman tiyon, da zoben roba na duk inda tiyo zai ratsa faranti, da ƴar matatar mai irin ta babur, da bawul ɗin kifewa.

Wannan bawul ɗan gwangwani ne da ƙwayar boris ko ƴar roba mai tasowa a ciki. Idan yana tsaye iska na bi ta kowane ɓangare, idan ya juya ƙwayar ta faɗa kan rami ta toshe. Ana samun sa a saman tankunan motocin da aka farfasa, wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota. Ka gwada shi tun a can: wanke shi, sa guntun tiyo mai tsabta, hura yana tsaye, iska ta wuce, ka juya shi ka hura ta ɓangaren tanki, ta tsaya. Kada a ba ka bawul mai hanya ɗaya a madadinsa. Shi yana barin iska ta shiga ne kawai, ya magance lotsewa ya bar ka da kumburi.

Silikon ɗin da ake liƙe gilashi da shi ba ya shiri da fetur, yana narkewa ya zama kamar majina ya tafi matata. Farin zaren da masu gyaran famfo ke naɗawa shi ma yana yagewa ya shiga layi. Inda ake bukatar toshe zuba, a sa washa ta jan ƙarfe ko ta robar da aka yi don mai.

Huda da walda

Lokacin da ya dace a yi duk wata huda da walda shi ne kafin ɗigon mai ya taɓa shiga tankin. Ka ɗora tankin a mazauninsa a motar, motar a kan tayoyinta a wuri mai daidaito, ka nemo inda ya fi tsayi a rufin. Ba lalle ne ya zama inda ka zata a kan tebur ba, don sau da yawa tankin yakan ɗan karkata idan an ɗaure shi. Nan za ka yi alama. Ka nisanta shi da bakin layin da ke dawo da mai daga injin, in akwai, don yana fesa mai a wurin.

Tankin da ya yi tsawo, ya kai santimita 80 ko fiye a kwance daga hagu zuwa dama, huda ɗaya ba ta ishe shi ba. Idan motar ta tsaya a karkace a bakin kwalbati, mai ya rufe hudar, iskar ta koma ɗaya gefen, zafi ya tura mai cikin tiyo. Ka yi huda biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, ka haɗe tiyoyinsu can sama.

Bayan huda a goge kaifin ramin, a zura bututu, a kewaye shi da walda, a fitar da duk ɓarɓashin ƙarfe daga ciki. Idan farantin mai farin shafi ne na zinki, a kankare shafin a inda za a yi walda, a yi aikin a fili, don hayaƙinsa yana sa zazzaɓi.

Tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa, magana ta canza. Wanda babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururi kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 a iska shi ne ke fashewa, kuma ɗan abin da ya maƙale a kusurwa ya isa ya kai haka. Shanya shi a rana kwana biyu ba ya fitar da shi. Hura masa hayaƙin salansa, dabarar da wasu ke taƙama da ita, ba abin dogaro ba ce. Idan babu makawa, a sauke tankin, a juye man cikin jarka a kai nesa, a cire famfo da ma'aunin mai, a wanke da ruwan zafi da omo sau da yawa, sannan a cika shi da ruwa har ya taɓa wurin da za a huda. A huda a hankali, an shafa giris a bakin ƙarfen hudar don ya kama ɓarɓashi. Kuma a nan gara a bar walda gaba ɗaya, a sa bututu mai zare da noti ciki da waje da washa biyu, a ɗaure na cikin ta ramin ma'aunin mai. Mafi sauƙi ma, idan farantin ma'aunin yana saman tanki kuma yana da fili, a kwance shi a kai shi tebur a huda shi can.

Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Ba ya tashi sama, rarrafe yake yi a ƙasa, ya sauka ramin duba mota, ya isa kaskon shayin da yara suka hura a bakin gareji. A kashe wannan kaskon kafin a kwance tiyo ko ɗaya, a ajiye abin kashe gobara mai gari ko bokitin yashi kusa. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi.

Bi da tiyo

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi kuskure.

Daga bututun numfashi, tiyo ya tashi sama kai tsaye ya ci gaba da hawa, ba tare da ya sauka ko sau ɗaya ba, har ya kai ƙololuwarsa. Dalili: duk yadda aka yi, mai zai fantsama cikin tiyon a hanya mai gargada, tururi kuma zai koma ruwa da sanyin dare. Idan tiyon hawa kawai yake yi, wannan man zai gangaro ya koma tanki. Idan akwai inda ya yi lanƙwasa ƙasa kamar hanjin da ke ƙarƙashin wurin wanke hannu, man zai kwanta a nan ya zama marfi. Cokali ɗaya ya isa. Daga nan tankin sai ya tara matsi kafin ya ture shi, ya tofar da shi waje, wari ya tashi, jim kaɗan wani ya sake taruwa. Mai mota ya yi ta neman inda ke zuba bai gani ba.

Ƙololuwar ta fi bakin wuyan tanki tsayi. Ruwa a bututu biyu da ke haɗe yana tsayawa a tsayi ɗaya, kamar tiyon awon magina. Idan aka cika mai har wuya, a cikin tiyon numfashi ma zai hau daidai wannan tsayin, kuma idan ƙololuwar tana ƙasa da haka zai tsallake ya zube. Ka ba ta aƙalla santimita 10 sama da bakin wuya, idan jikin motar ya ba da fili ka ƙara.

A kan wannan hawan ake sa bawul ɗin kifewa, a tsaye cak, an ɗaure shi da ƙarfe a jikin mota. Wanda aka bari yana lilo a jikin tiyo zai kwanta wata rana ya toshe da kansa. Wanda ake dasawa a rufin tanki kai tsaye shi ma yana aiki, sai dai ka tabbata yana cikin filin iskar, ba nutse cikin mai ba idan tanki ya cika.

Hawan kada ya tsaya a gefen da ya fito. Idan bututun yana hagu, tiyo ya hau yana ƙetarawa zuwa dama har ya wuce ƙarshen tankin, ƙololuwa ta kasance can, sannan ya sauko ya wuce gindin tanki. Ka ɗauki gwangwanin madara da zare ka juya shi a hannu, za ka ga hikimar. Motar ta kwanta a hagu: hudar tana cikin mai, amma tiyon ya haura sama da man. Ta kwanta a dama: hudar tana sama cikin iska. Ta kife: bakin tiyon da ke ƙasa da gindi yanzu shi ne a sama. Ko babu bawul wannan hanyar tana riƙe yawancin man, da bawul kuma an yi ɗauri biyu. A tanki mai huda biyu, na hagu ya tafi dama, na dama ya tafi hagu, kowanne yana hawa, su haɗu a sama.

Akwai wata matsala da saukar tiyo ke jawowa. Idan mai ya taɓa cika tiyon ya tsallake ƙololuwa, alhali hudar tana nutse saboda motar na tsaye a gangara, tiyon zai riƙa ja da kansa kamar yadda ake zuƙo mai daga tanki zuwa jarka, ba zai daina ba sai hudar ta fito iska. Maganinsa ɗan gwangwani ne a ƙololuwa, mai ɗaukar kamar rubu'in lita. Ana yin sa da guntun bututun ƙarfe mai faɗin santimita 5 da tsawon 12, a toshe sama da ƙasa, a sa baki ɗaya a gindi wanda ke zuwa daga tanki, ɗaya a rufi wanda ke fita waje. Man da ya hauro yana faɗaɗa a ciki, iska ta rabu da shi ta wuce, shi ya koma inda ya fito. Motar da za ta riƙa bin burji da yashi na hanyoyin ƙauye, wannan gwangwanin ya fi mata amfani a kan duk wani ado da za a yi mata.

A ɗaure tiyon a jikin shasi duk santimita 25 zuwa 30, ɗauri mai riƙewa ba mai shaƙewa ba. Inda aka bar tazara mai yawa, zafi zai sa ya saki ya yi cikin da muke gudu. Kwana ta zama mai faɗi, don tiyon da aka karya a gwiwa yakan yi kyau da safe ya manne da rana. Ya nisanci salansa da santimita 15 ko fiye, in dole ya matso a sa farantin kariya a tsakani. Kada ya gogi kaifin faranti, kada ya shiga tsakanin sifirin da shasi.

Bakin tiyo na waje

Ya fita wajen motar sarai. Ba cikin but ba, ba ƙarƙashin kujera ba, ba cikin wani ramin shasi da ke rufe ba. Motocin da ake ƙerawa a gida sau da yawa tankin yana bayan kujera, to a sa faranti ya raba shi da mutane, tiyon ya ratsa ƙasa ta zoben roba. Bakin ya nisanci salansa, batir, birki da wayoyin wuta da santimita 30 aƙalla, kuma ya fi kyau ya kasance a gefen da babu salansa. Ya kalli ƙasa, a yanke shi a karkace, ɓangaren da aka yanke yana duban baya don iskar gudu kada ta tura datti ciki. Kada ya faɗo daidai inda taya ke watso laka.

Abokan gaba uku ne a nan. Ƙurar hunturu: duk iskar da tanki ya shaƙa da ƙurarta take shiga, ta kwanta a gindi ta zama laka. Shi ya sa ake sa ƴar matatar babur kusa da bakin, bayan ƙololuwa, a duba ta a ƙarshen hunturu, idan ta yi ja a canza. Sai zanzaro, wanda ba ya ganin rami mai milimita 6 ya wuce bai cika shi da laka ba. Motar da ta yi makonni a ajiye ta tashi da alamun toshewa, fara duba nan. Guntun ragar ƙarfe irin ta taga da aka naɗe a bakin yana hana shi. Na uku ruwan damina. Tanki mai zafi idan ya shiga ruwa yana hucewa nan take ya zuƙi iska, kuma idan bakin tiyon yana cikin ruwan, ruwa zai zuƙa. Don haka sauka ƙasa da gindin tanki ba ya nufin a bar shi yana jan ƙasa. Santimita 2 zuwa 5 ƙasa da gindi ya isa. Mai ratsa fadamun Gulbin Maradi da damina ya fi kyau ya dogara da bawul ɗin kifewa, ya bar bakin a sama a wuri mai rufi.

Marfi da gwangwanin gawayi

Marfi iri biyu ne, mai numfashi irin na babura da janareta da tsofaffin motoci, da mai rufewa ruf irin na motocin zamani. Tunda ka yi hanyar numfashi, sa mai rufewa, robarsa lafiyayya. Huda marfi da ƙusa yana sa mota ta yi tafiya, ba musu, amma ta nan ƙura da ruwan wanki ke shiga, ta nan kuma mai ke fita a kwana da ranar da motar ta kwanta.

Hanyar da aka bayyana tana sakin tururi a iska, kuma motar da ke kwana a cikin gida kusa da ɗakin girki za a ji warinta. Mai son kawar da shi ya nemi gwangwanin gawayi, wanda motocin Amurka suka fara ɗauka tun 1970 da 1971, yanzu kuma kusan kowace motar fetur tana da shi. Gawayin ciki na musamman ne mai ƙananan ramuka da ke kama tururi, na girki da aka daka ba ya yin aikinsa. Yawanci baki uku gare shi. Wanda aka rubuta TANK yana karɓar tiyon da ya fito daga bawul ɗin kifewa. PURGE yana zuwa injin. Na ukun, mai faɗi, na iskar waje ne, shi za a bi da shi kamar yadda aka faɗa a kan bakin tiyo. A girka shi a tsaye, a inda ruwan mai ba zai kai gare shi ba, don idan ya jiƙe gawayin ya lalace.

A injin mai injekta da aka ɗauko da kwamfutarsa da wayoyinsa, akwai ɗan bawul na lantarki da ke buɗe layin PURGE a lokacin da ya dace, a mayar da shi yadda yake. A injin mai kafireta, hanya mafi sauƙi ita ce a kai layin cikin gidan matatar iska. Kada a jona shi kai tsaye inda injin ke zuƙa da ƙarfi a ƙasan kafireta. Silo, wato yadda injin ke aiki idan ba a taka totur ba, zai lalace, kuma ranar da bakin iskar waje ya toshe injin zai tsotse tankin ya lotsa shi.

Tankin gas, wato dizal, ba ya bukatar gawayi, don man ba ya tururi sosai. Amma yana kumfa wajen zubawa, saboda haka a ba shi babbar hanya mai faɗi, matatar bakin tiyo kuma wajibi ce, domin ƙura da ruwa su ne ajalin famfo da injektocinsa.

Gwaji

Na farko a kan tebur, kafin a zuba mai. Toshe duk bakuna sai biyu. A ɗaya ka jona famfon keke. A ɗayan ka jona farin tiyon magina, ka lanƙwasa shi kamar ƙugiya, ka zuba ruwa rabi. Ka buga iska a hankali har bambancin tsayin ruwan a ɓangarorin biyu ya kai santimita 50, wato kusan bar 0.05. Shafa ruwan omo a kan duk walda da mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne. Bar shi minti 15 a inuwa, ruwan kada ya sauka. A rana awon zai yaudare ka, don zafi na ƙara matsin. Kada ka kai tankin wurin mai faci a sa masa injin iska, cikin daƙiƙa kaɗan zai kumbura shi ya ɓalle shingayen ciki.

Na biyu bayan an girka komai. Buɗe marfi, sa famfon keke a bakin tiyo na waje, ka buga. Iska ta wuce ba gardama. Idan ka ji ƙarar ɓulɓul, akwai inda ruwa ya kwanta.

Na uku a hanya. Da rabin tanki, ka kama hanyar Madarunfa ko ta Tibiri ka yi minti 30 ba tsayawa, ka sauka ka buɗe marfi a hankali, kunnenka kusa amma fuskarka a gefe. Shiru ake so a ji. Idan ya zuƙi iska ciki, hanyar shiga ta toshe. A injin mai kafireta alamar ita ce mutuwa bayan ƴar tafiya da tashi da zarar an buɗe marfi. A mai injekta, wanda famfonsa ke aiki da kusan bar 3, motar ba ta saurin mutuwa, sai dai famfon ya riƙa kuka, tankin ya lotse, wani lokaci har ma'aunin mai ya maƙale. Idan kuma iska ta feso waje, hanyar fita ce ta toshe ko an sa bawul mai hanya ɗaya. Wannan matsin yana iya tura mai ya fi ƙarfin allurar kafireta bayan an kashe injin, motar ta sha mai ta ƙi tashi da zafi, mai ya gangara ya tsinka baƙin mai.

Na ƙarshe shi ne na rana. Cika tanki da safe har famfo ya katse da kansa, ajiye motar a fili daga hantsi zuwa la'asar, da kwali a ƙarƙashin bakin tiyo, nesa da wuta. Washegari ka maimaita, tayoyin gefe ɗaya a kan bulo, jibi ɗaya gefen. Idan kwalin ya jiƙe a wuri mai daidaito, filin kumbura ya yi kaɗan ko ƙololuwa ta yi ƙasa. Idan sai a karkace yake jiƙewa, tankin na bukatar huda ta biyu a ɗaya ƙarshen, ko gwangwanin ƙololuwa.